Tattakin Lares a tsaunukan Andis: a ina ya kamata a kwana?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai 'yan'uwa huɗu da za su halarci taro a Lima, babban birnin Peru, cikin watan Yuli, kuma za su sami rarar kwana takwas bayan an tashi. So suke su yi tattaki da ƙafa ta cikin ƙauyukan tsaunuka, ba irin yawon da mota za ta sauke ka ka ɗau hoto ka juya ba. An ba su zaɓi biyu: hanyar Lares ko zagayen dutsen Ausangate. Duk lafiyarsu ƙalau, biyu ma 'yan ƙwallo ne. Wanne ya fi, kuma yaya za a raba kwanakin?

Malamin Taswira:
Wa'alaikumus salam Baban Ummi. Lares, babu ja. Zagayen Ausangate kwana biyar zuwa shida yake ci, kusan duk inda za a kafa tanti ya haura mita 4,200, mashigin Palomani kuwa ya wuce mita 5,000. Wanda kwana takwas ne kacal a hannunsa ba shi da lokacin da jikinsa zai saba kafin ya shiga can.

Bari a auna da abin da muka sani. Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba. Jos wajen 1,200. Chappal Waddi, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Birnin Kusko, inda jirgi zai sauke su bayan tafiyar awa ɗaya da rabi daga Lima, yana kan mita 3,400. Wato daga bakin teku za a ɗauke su a dire su a wurin da ya ɗara ƙololuwar Najeriya da kusan mita dubu, suna jan akwati.

Hanyar Lares da aka fi bi ga yadda take. Mota daga Kusko zuwa Kalka, daga Kalka zuwa garin Lares wajen awa biyu, inda akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi a kimanin mita 3,200. Daga nan ƙafa ce. Ranar farko awa uku zuwa huɗu a hau zuwa ƙauyen Wakawasi, kimanin mita 3,750. Rana ta biyu ita ce mai wuya: a haura mashigin Ipsay, kusan mita 4,500, a gangaro tafkin Ipsaykocha, a zarce Patakancha. Rana ta uku gangare ne ta Wilok har Olantaitambo, mita 2,800, inda jirgin ƙasa mai zuwa Machu Pichu, tsohon garin daular Inka, ke tashi. Duka-duka bai fi kilomita talatin da 'yan kai ba. Nisa ba shi ne matsalar ba.

Kuma ba a neman takardar izini kamar ta tsohuwar hanyar Inka, wadda aka ƙayyade wa mutum 500 a rana har da 'yan dako.

Autan Gida:
To kilomita talatin a kwana uku ai wasan yara ne ga ɗan ƙwallo. Me zai hana su sauka Kusko yau, gobe su ɗau hanya, su yi amfani da sauran kwanakin a wani wurin?

Likitan Zaure:
Auta, 'yan ƙwallon su ne na fi ji wa tsoro. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga ciwon tudu, wanda mutanen can ke kira soroche. Mai ƙarfi shi ke saurin hawa, shi ke ɓoye ciwon kai don kada a ce ya gaza.

A mita 4,500 kowane numfashi bai kai kashi 60 cikin ɗari na oksijin ɗin da ake samu a bakin teku ba. Jiki yana iya sabawa, amma kwanaki yake buƙata, kuma da dare abin ya fi tsananta, domin numfashi yana raguwa idan barci ya ɗauke mutum. Shi ya sa lissafin likitoci ba a kan inda ka taka da rana yake ba, a kan inda ka kwanta ne. Da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma duk kwana uku ko huɗu a maimaita kwana a wuri guda.

Shawarata: in sun sauka Kusko kada su kwana, su shiga mota su gangara kwarin Urubamba, su yi kwana biyu a Olantaitambo ko Urubamba, wajen mita 2,800. Sai su hauro Kusko su yi kwana biyu. Rana ta biyar su kama hanyar Lares. Ta bakwai sun fito, ta takwas Machu Pichu.

Amma kafin duk wannan, Baban Ummi, ka tambaye su jinotayif ɗinsu. Wannan ita ce tambayar da kamfanin yawon buɗe ido ba zai yi musu ba.

Baban Ummi:
Likita, me ya haɗa jinotayif da hawan dutse? Babu mai sikila a cikinsu.

Likitan Zaure:
Mai SS ko SC ba ma a maganar zuwansa, kada ya je. AS nake nufi, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, da yawa ba su taɓa sani ba sai ranar gwajin aure. A gida ba ya damun su. A kan tudu, inda oksijin ya yi ƙaranci, ga gumi ga rashin shan ruwa, ƙwayoyin jininsu kan lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyin saifa, wani sashe nata ya mutu. Yawancin masu AS suna zuwa su dawo lafiya, ba ina cewa kowa zai kamu ba ne. Amma abu ne da aka sani, kuma galibi cikin kwana ɗaya ko biyu na farko yake bayyana.

Alamarsa ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci ya harba har kafaɗar hagu, da amai, da zazzaɓi-zazzaɓi. Jagora zai ce ɓacin ciki ne ko soroche ya ba shi shayi. Ba haka ba ne. A sauko da shi, a sa masa oksijin, a kai shi asibiti a Kusko, kuma ya faɗa wa likita da bakinsa cewa shi AS ne, domin ba abin da suka saba gani kullum ba ne a can. Yawanci ruwa da maganin ciwo da saukowa ƙasa ke warkar da shi, ba sai an yi tiyata ba.

A yi gwajin tun daga gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Agadas:
Likita na yarda da maganar jini ɗari bisa ɗari. Amma tsarin kwanan nan naka ya yi yawan tsoro. Kamfanoni kwana biyu a Kusko kawai suke nema, kuma dubban mutane haka suke yi duk shekara. Gangarawa kwari a dawo Kusko a sake komawa Kalka kuɗin mota ne da ɓata lokaci.

Sannan Malamin Taswira, ka ce rana ta biyu a zarce Patakancha. Da yawa a bakin tafkin Ipsaykocha suke kwana, kuma da dalili. Wanda ya haura mita ɗari bakwai tun safe, ƙafarsa na rawa, ka ce ya ƙara gangaren awa biyu ko uku? A watan Yuli wajen biyar da rabi rana ta faɗi. Faɗuwa a kan duwatsu cikin duhu ya fi ciwon kai hatsari.

Malamin Taswira:
Malam Ɗan Agadas, duba lambobin. Tafkin yana sama da mita 4,300. Daga Wakawasi ƙarin kusan ɗari shida ke nan a dare guda, ga mutumin da kwana biyar da suka wuce yana Lima. Patakancha kuwa kusan daidai take da Wakawasi, wajen 3,800. Ka hau sama da rana, ka kwana ƙasa. Ban da haka akwai hanyar mota daga Patakancha zuwa Olantaitambo. In wani ya rikice da ƙarfe biyun dare a Patakancha, mota za a nema. In a bakin tafki ne, sai a ɗora shi a doki cikin duhun da kake tsoro.

Maganin duhu shi ne sammako. A bar Wakawasi ƙarfe shida, a kai mashigi kafin sha ɗaya, a ci abinci a tafki, la'asar ana Patakancha. Abin da ke ɓata wannan lissafi shi ne jiran rana ta fito ta narkar da raɓar da ta daskare a kan tanti. A bar wa masu alfadarai naɗe tantin, su za su cim muku a hanya.

Ɗan Agadas:
In ayarin zai tashi ƙarfe shida da gaske, na janye. Amma ka san mutanenmu da shayin safe.

Abin da zan ƙara: "Lares" ba hanya ɗaya ba ce. Akwai wadda ke bi ta Kiswarani da Kunkani, akwai wadda ke farawa daga Waran ta hau Kanchakancha ta ƙetare mashigin da ya kai wajen mita 4,700. Duk sunan guda suke sayar da su. Kafin a biya kuɗi a ce kamfani ya rubuto sunan kowane zango da tsawonsa. A tambaya ko akwai dokin ko-ta-kwana wanda ba a ɗora masa kaya, ko akwai tukunyar oksijin, kuma lita nawa ce. Wasu 'yar gwangwanin feshi suke nuna maka, wadda ba ta minti biyar.

Kaya alfadarai ke ɗauka, yawanci ana ba kowa jakar kilo bakwai. Lama, wannan 'yar'uwar raƙumin da ba ta da tozo, wajen kilo 25 zuwa 30 take ɗauka, in ka ƙara sai ta gurfana ta ƙi tashi. A bayanka kuwa kada ya wuce kilo biyar ko shida: ruwa, rigar ruwa, rigar sanyi, fitilar goshi, abin taɓawa.

Maman Hanif:
Ku maza kun tsaya lissafin mita, kun manta an ce ƙauyuka za su gani. Bari in taɓa wannan.

Mutanen Kechuwa ne, da yawa daga mata da tsofaffi ba su jin Sifaniyanci sosai. Gaisuwa "Allillanchu?" wato lafiya? Amsa "Allillanmi". Godiya "Sulpayki". Wannan kaɗai ya isa a saki fuska da kai. Gidajen na dutse ne da laka, jinkarsu ta wata ciyawar tudu da suke kira ichu, kodayake kwano ya fara shiga. In aka shigar da kai ɗakin girki za ka ga duhu da hayaƙi, ana hura wuta da busasshen kashin dabbobi kamar kandilo, ɓerayen Masar suna kai-komo a ƙarƙashin benci. Ba ƙazanta ba ce, kiwo ne, naman biki ne a wurinsu.

Abin da muke kira dankalin Turawa, to na waɗannan mutanen ne, daga tsaunukan nan Turawan suka ɗauko shi. Suna da iri-iri, baƙi, ja, shuɗi, mai lanƙwasa kamar citta. Kuma Yuli daidai lokacin yin chunyo ne: za ku ga an baza ƙananan dankali a fili, dare ya daskarar da su, rana ta narkar, a tattake da ƙafa a matse ruwan, a maimaita kwanaki har su bushe ƙamas. Yana shekaru bai lalace ba. Don Allah a duba ƙasa, kada a taka shanyar mutane a zaton tsakuwa ce.

Saƙa kuwa ita ce sana'ar mata. Masaƙar ba irin ta masaƙanmu mai rami da takalma ba ce: gefe ɗaya a ɗaure a turke, ɗayan a ƙugun mai saƙa, da jikinta take ja ta tsaurara zaren. Mace na kiwo tana kaɗi da mazari a hannu. Jan launi daga wani ƙwaro ne da ke zama a jikin kaktus, wani tsiro mai ƙaya, kore daga ganyen chilka. Mutanen Wilok da Patakancha da jan mayafinsu ake gane su tun daga nesa. In za ka saya, juya bayan ƙyallen: na hannu zanensa yana fitowa ta bayan, gefensa a kammale yake ba yanka ba, yana da nauyi, launinsa bai yi ƙyalli ba. Wanda ya yi haske kamar leda, mara nauyi, zaren kanti ne. Mayafi guda yana cin makonni, saboda haka kada a yi masa tayin wulaƙanci irin na kasuwar gwanjo. A riƙo canji, ƙananan takardun sol, kuɗin Peru, da sulalla, babu mai canjin ɗari a can, kuma takarda mai yagewa ba sa karɓa.

Hoto a nemi izini tukuna.

Autan Gida:
Anti, an ce a riƙa kai wa yara alewa da biro.

Maman Hanif:
Alewa a'a. Likitan haƙori yana da nisa, kuma ku ba ku kaɗai ke wucewa ba, kullum ayari ne. Rabon kaya a bakin hanya shi ke sa yaro ya bar aji ya je tare baƙi. In akwai littattafai da biro a ba malamin makaranta ko shugaban ƙauye ta hannun jagora. Burodi da lemo a ba uwar gida. Wanda ya fi duka, a sayi saƙarsu, a biya kuɗin filin kwana, a sallami masu alfadarai hannu da hannu ranar rabuwa, domin su daga Patakancha suke juyawa da dabbobinsu. Suna da abin da suke kira ayni, taimake ni yau in taimake ka gobe, kamar gayyarmu. Mutane ne masu ba da hannu a karɓa, ba masu bara ba.

Baban Ummi:
To batun abinci da ibada fa? Kuma wannan ganyen koka da aka ce kowa na sha?

Malam Na Tsangaya:
Abinci a gaya wa mai girki tun a Kusko, kafin ya yi cefane: ba alade, ba man alade, ba nama gaba ɗaya in ana son kwanciyar hankali. Kifin ruwan sanyi da suke kira turucha yana da yawa, ga ƙwai, cuku, dankali, masara mai manyan ƙwayoyi, da miyar kinuwa mai kama da acca. Abin sha a kula: chicha morada ta baƙar masara ce, kamar zoɓo take, ba ta sa maye. Chicha zalla kuwa burkutun masara ce. Gidan da ka ga an kafa sanda da jar leda a ƙofa, ita ake sayarwa.

A kan mashigi za ku ga tulin duwatsu da ake kira apacheta. Suna girmama manyan tsaunuka, suna kiransu Apu, jagora kan haɗa ganyen koka uku ya hura musu, ya ce kowa ya yi. Ka ce na gode, addinina bai ba ni ba, ka koma gefe. Kada ka yi ba'a, kada ka rushe tulin, kada ka zauna a kai.

Alƙibla daga yankin Kusko gabas ce mai karkata arewa, wajen digiri 72 daga arewa. A Yuni da Yuli kusan inda rana ke ɓullowa ne. Da tsakar rana kuma rana ta arewa take, inuwa na nuna kudu, kada wannan ya ruɗa ku. Matafiya ne, ƙasaru ya halatta, haɗa salla ma akwai sauƙi a ciki. Ruwan alwala na asuba a roƙi mai girki ya ɗumama, yana yi dama don wanke fuska. In babu, kuma ana tsoron cutuwa, ga duwatsu nan, a yi taimama.

Hukuncin koka na bar wa kowa ya tambayi malaminsa, tun da daga ganyen ake fitar da hodar iblis. Wanda ya bari ya huta da shakka, akwai shayin munya mai ƙamshin na'ana'a.

Likitan Zaure:
Allah gafarta Malam, in ƙara ta ɓangarena. Shayin koka halal ne a dokar Peru, a otal ma ana ajiye shi, amma babu hujjar cewa yana hana soroche. Kofi guda na shayin kuma yana sa gwajin fitsari ya nuna koken na kwana ɗaya zuwa biyu. Ko ganye ɗaya kada ya biyo su cikin aljihun jaka zuwa filin jirgin Legas ko Kano, ko ƙasar da za su yada zango. A zazzage jaka kafin a baro Kusko.

Maganin da aka tabbatar shi ne Diamox, miligiram 125 safe da yamma, a fara kwana ɗaya kafin hawa. Yana sa yawan fitsari, yatsu su riƙa tsitstsira, lemon kwalba ya canza ɗanɗano. Mai AS, da wanda magungunan salfa ke yi wa illa, kada su sha sai likitansu ya amince.

Ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci: a tsaya, kada a ƙara hawa, farasitamol da ruwa. Abu biyu ne ba a jira da su gari ya waye. Na farko, mutum yana zaune yana haki, yana tari, ƙirji na kurari, daga baya kaki mai kumfa ruwan hoda: ruwa ne ya taru a huhu. Na biyu, yana tangaɗi kamar mashayi, magana ba kai: ƙwaƙwalwa ce ta kumbura. Gwaji mai sauƙi, ja layi a ƙasa ka ce ya bi, dunduniya na taɓa yatsa. In ya kasa, a sauko da shi mita 500 zuwa 1,000 nan take, kuma ba shi kaɗai ba.

Wani abu da ya shafe mu: 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna oksijin fiye da yadda yake a baƙar fata, yatsa mai sanyi ko mai lalle ma yana ruɗa ta. In ta ce 90 mutum kuwa yana haki, a gaskata mutumin. Shuɗin leɓe ma ba ya fitowa a fatarmu, a duba dasashi da harshe.

Ɗan Agadas:
Sanyi kuma ba irin hunturunmu ba ne. Da rana za ka cire riga, rana na faɗuwa sai ya sauka ƙasa da sifili, a Wakawasi yakan kai biyar ƙasa da sifili ko fiye. Jakar barci a karɓi haya a Kusko, wadda aka rubuta tana ɗaukar goma ƙasa da sifili, a buɗe ta a shago a gwada zif. Amma mafi yawan sanyin daga ƙasa yake shiga, shimfiɗa biyu ta fi ƙarin bargo. Rigar auduga kada ta taɓa fata, tana shan gumi ta riƙe, ka tsaya hutawa a mashigi iska ta buge ka. Riga uku marasa kauri sun fi babbar guda. Takalmi a yi sati uku ana yawo da shi a gida, sabon takalmi a gangaren rana ta uku bororo ne da baƙin farce.

Ruwa lita uku zuwa huɗu a rana. Kada kyan rafi ya yaudare ku, alfaka, 'yar'uwar lama, da tumaki suna kiwo a samansa. A can ruwa yana tafasa a wajen digiri 87, saboda haka a bar shi minti uku yana ɓararraka, shi ya sa ma shinkafa ke fitowa da tsatstsama in ba a tukunyar matsi aka dafa ba. Mai matatar ruwa ya kwana da ita cikin jakar barci tare da waya da batura, in ta daskare ta tsage daga ciki ba za ka gani ba. Da dare a cika gorar ƙarfe da ruwan zafi, a sa ta cikin safa, a tura wajen ƙafa, da safe kuma ga ruwan sha.

Karnukan makiyaya: kada a gudu. A tsaya, a sunkuya kamar za a ɗau dutse, a ja da baya a hankali. In ya yi cizo a wanke da sabulu minti sha biyar, tafiya ta ƙare, sai allura a Kusko.

Maman Hanif:
A ƙara tabarau mai duhu da man leɓe. Masu cewa baƙar fata ba ta ƙuna, su jira su ga hancinsu na saɓa a Olantaitambo.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri. Na tambaye su yanzu: biyu AA, ɗaya AS, ɗaya bai taɓa gwadawa ba. Likita, shi mai AS ɗin a hana shi ne?

Likitan Zaure:
Ba ni zan yanke daga nan ba, ya zauna da likitan jini kafin ya sayi tikiti. In an bar shi, kwana biyun kwarin Urubamba wajibi ne a kansa, ba giya ba gudu, fitsarinsa ya zama fari kullum, kuma inshorarsa ta rubuta ƙarara cewa ta rufe tattaki har mita 5,000, domin da yawa a 3,000 suke tsayawa. In ya ji ko ɗan tsunkuli a haƙarƙarin hagu a kwanakin Kusko, ya bar musu mashigin, ya hau mota daga Olantaitambo ya tarye su a Patakancha da rana, ya koma ƙasa ya kwana. Na huɗun kuma gobe da safe ya je a ɗebi jininsa.